Yadda Ake Shawo Kan In, On, At da 'Yan'uwansu a Turanci

Ɗalibi zai haddace manyan kalmomin Turanci masu cika baki, amma da ya zauna rubuta wasiƙar neman aiki, ko ya shiga ɗakin jarrabawar WAEC ko NECO, sai 'yan mitsi-mitsin kalmomi su ba shi kunya: *in, on, at, to, for, of, with, by, from*. Turawa suna ce musu *prepositions*. Wanda ya yi karatun nahawu a zaure ya riga ya san irinsu, su ne haruffan jarri, su *min* da *ila* da *fi* da *ala*. Mu ma muna da namu a Hausa: a, da, daga, ga, har, cikin, kan, bayan. Don sauƙi zan riƙa ce musu haruffa.

Na daɗe ina koyar da wannan a ajin yamma, kuma inda gizo ke saƙa wuri ɗaya ne. Mai koyo yana tsara jimlarsa da Hausa a zuci, sannan ya nemi kalmar Turanci guda da za ta zauna a gurbin "a" ko "da". Babu ita. Saboda haka ba a koyon harafi shi kaɗai, tare ake ɗaukarsa da kalmar da yake tafiya da ita.

Kayan aiki

Ka nemi littafin rubutu mai kauri wanda ba ka haɗa shi da wani darasi ba, da biro biyu, ja da shuɗi. Sai ƙamus na Turanci zalla wanda aka yi don masu koyo, irin na Oxford ko Longman ko Cambridge, domin shi ne ke nuna maka harafin da ke bin kowace kalma tare da misali. Ƙamus mai fassara zuwa Hausa yana da ranarsa, amma ba zai yi wannan aikin ba. In ba ka da na takarda, dukkansu suna da shafi na kyauta a intanet.

Kana kuma bukatar rubutun Turanci mai tsabta: tsohuwar jarida ko littafin karatun aji. In babu, ɗauko kwalin magani ka duba jikinsa da takardar da ke ciki. Za ka ga *Store in a cool, dry place*, da *Keep out of reach of children*, da *Take after meals*. Haruffa ne fal, kuma an rubuta su daidai. Abin da ban yarda ka yi koyi da shi ba shi ne saƙonnin WhatsApp da sharhin mutane a Facebook, kurakuran da kake gudu a can suke kwana.

Daga kicin ka aro kwano mai murfi da cokali ɗaya. In kana shirin jarrabawa, ka haɗa da tsofaffin tambayoyi.

1. Ka fara koyon ganin harafi da yankinsa

Ɗauki sakin layi ɗaya kacal. Duk harafin da ka gani ka kewaye shi da jan biro, sannan ka tambaye shi "me?" ko "wa?". Amsar da ta fito, ja mata layi da shuɗi tun daga harafin. Abin da ka ja wa layi shi ne yankin harafi. Ga misali:

*The trader from Katsina sold his rams at the market before Sallah.*

Yanki uku ne a nan. *From Katsina* yana gaya mana wane ɗan kasuwa ake nufi, wato suna yake bayyanawa. *At the market* ya amsa "ina?", *before Sallah* ya amsa "yaushe?", su biyun aikatau suke bayyanawa. Iyakar nahawun da kake bukata ke nan a yanzu.

Wasu haruffan kalma biyu ne ko uku, ka kewaye su gaba ɗaya: *out of, because of, in front of, instead of, in spite of, according to*.

Hattara da *to*. A cikin *I went to Zaria* harafi ne, suna ya biyo shi. A cikin *I want to sleep* ba harafi ba ne, ɓangaren aikatau ne. Haka in ka tambayi kalma "me?" ba ta ba ka amsa ba, kamar *in* a cikin *Come in*, ƙyale ta, wani aikin take yi a wurin.

2. Ka san abin da aka yarda ya bi harafi

Abu uku ne: suna, wakilin suna, ko aikatau mai *-ing*.

Kamar yadda harafin jarri ke sa wa suna kasara, haka harafin Turanci ke sauya wakilin suna. Bayansa sai *me, him, her, us, them*, ba *I, he, she, we, they* ba. Kowa ya san a ce *for me*, amma da mutum biyu suka haɗu sai a ruɗe, a rubuta *for my brother and I* ana ganin ya fi burgewa. Cire ɗayan ka gani: *for I* ba ya faɗuwa. Daidai shi ne *for my brother and me*, kuma *between you and me*.

In aikatau ne ya biyo, dole ya ɗauki *-ing*: *Thank you for coming. He left without greeting us.* Tarkon yana wurin *to* ɗin da harafi ne na gaske. Ƙarshen wasiƙa da yawa na ɗauke da *I look forward to hear from you*, alhali *hearing* ne. Yadda za ka gane: gwada sa suna bayan *to*. *I look forward to your reply* ya zauna, to harafi ne, sai *-ing*. *I want to your reply* bai zauna ba, to aikatau tsurarsa zai bi. Da wannan gwaji za ka kama *I am used to waking early* da *They objected to paying*.

3. Haruffan wuri

A nan za ka daɗe, kada ka yi gaggawa. Mu muna cewa yana kasuwa, yana gida, yana Kano, ba tare da mun sa komai ba. Bature ba ya barin gurbin haka, kuma kowane da nasa: *at the market, at home, in Kano*.

Ɗauko kwanon. Sa cokali a ciki ka faɗa da ƙarfi: *The spoon is in the bowl.* Abu ya kewaye shi, wannan shi ne *in*. Fito da shi, rufe kwanon, ɗora cokalin a kan murfi: *The spoon is on the lid.* Yana taɓa fuskar abu, wannan shi ne *on*. Kuma ba lalle sai daga sama ba: hoton da ke jikin bango *on the wall* ne, fanka kuwa *on the ceiling*. Shi *at* bai damu da ciki ko kai ba, matsaya yake nunawa, kamar ɗigo a taswira: *at the gate, at the junction, at the door*.

Yanzu ka rubuta adireshi daga babba zuwa ƙarami: *in Nigeria, in Kaduna, on Ahmadu Bello Way, at number 12*. Ƙasa da gari *in*, titi *on*, lambar gida *at*. Ka rubuta naka adireshin haka, da na mutum uku da ka sani.

Sai waɗanda kwano ba zai warware maka ba, haddacewa kawai ake yi. Abin da ka karanta *in the newspaper* ne ko *in a book*, amma *on page 5*. Abin da ka ji ko ka kalla *on the radio* ne, *on television*, *on the phone*. Wajen abin hawa, ƙaramar mota da tasi *in a car, in a taxi*. Bas da jirgin ƙasa da jirgin sama *on the bus, on the train, on the plane*. Abin da ake hawa bayansa, babur da keke da doki, shi ma *on*. In hanyar tafiyar kake faɗa, *by* ne kuma ba a sa *a* ko *the*: *by car, by air*. Mai tafiya a ƙasa kuwa *on foot* ya zo.

Akwai wani bambanci da nake so ka riƙe. *He is in prison* na nufin ɗaure yake. *He is at the prison* na iya zama ziyara ya kai ko can yake aiki. Kada ka ɗaure bawan Allah da biro.

Motsi kuma fa? Hausa tana cusa alkibla a cikin aikatau: ya tafi Zariya, ya shiga, ya fito, ya kawo. Shi ya sa Bahaushe ke rubuta *I am going Zaria*, a ransa maganar ta cika. Turanci yana son *to*. Jefa cokalin cikin kwano ka ce *into the bowl*, ciro shi ka ce *out of the bowl*. Amma ka lura da masu bijirewa: *go home, go abroad, go there* ba sa ɗaukar *to*. *Arrive* ma ba ya ɗaukarsa, *arrive in Sokoto* ne ko *arrive at the station*. *Reach* da *enter* kuwa ba sa son kowane harafi: *We reached Gusau. She entered the room.*

4. Haruffan lokaci

Wannan ya fi sauƙi domin tsarin bai cika karyewa ba. Agogo *at*, rana da kwanan wata *on*, abin da ya fi rana tsawo *in*. Gwada da ranar samun 'yancin kai: *on 1 October 1960*, amma *in October 1960*, kuma *in 1960*. Da kwanan wata ya fito, *on* ya karɓe.

Sassan yini: *in the morning, in the afternoon, in the evening*, amma *at night, at noon, at dawn*. In ka ambaci ranar, komai ya koma *on*: *on Friday morning*. Kuma ba a sa harafi gaban *next, last, this, every*. *On next Monday* kuskure ne, *next Monday* ya isa.

*Since* da *for* sun kayar da mutane da yawa. *Since* shi ne "tun", yana nuna mafari: *since 2021, since Monday*. *For* yana nuna tsawon lokacin: na yi shekara uku a nan, *I have lived here for three years*. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka fara da Faransanci sun fi shan wahala a nan, domin *depuis* ɗaya ke musu aikin biyun, sai su rubuta *since three years*.

*By Friday* na nufin kada ya wuce Juma'a, ko yau ka kawo an karɓa. *Until Friday* na nufin abin zai ci gaba har Juma'a. *On time* a kan lokacin da aka sa, *in time* kafin a makara.

5. Ka buɗe wa "wa" da "da" shafi na musamman

Wannan matakin na Bahaushe ne, ba za ka same shi a littattafan da aka rubuta wa kowa da kowa ba. Raba shafi biyu, Hausa a hagu, Turanci a dama.

Fara da "mini, masa, mata". Ya saya mini: *He bought it for me.* Ya aiko mini: *He sent it to me.* Ya yi mini ƙarya: *He lied to me.* Ya yi mini dariya: *He laughed at me.* Ya yi mini tsawa: *He shouted at me.* Ya ƙwace mini: *He snatched it from me.* Kalma ɗaya tamu, haruffa huɗu nasu. Ka lura *at* yakan zo inda ake auna mutum da abu marar daɗi. Ya jefo mini ƙwallo, *He threw the ball to me*. Ya jefe ni da dutse, *He threw a stone at me*.

"Da" ya fi yawo. Mai koyo ya riga ya sa a ransa cewa "da" shi ne *with*, alhali duba: da wuƙa *with a knife*, da mota *by car*, da dare *at night*, da safe *in the morning*, da Turanci *in English*. Cike da *full of*, na gaji da *tired of*, ya bambanta da *different from*, ya dogara da *depends on*, kusa da *close to*, na saba da *used to*. Duk lokacin da ka kama kanka ka rubuta *with*, tsaya ka tambayi kanka ko "da" ne ka kwaso daga Hausa.

A wannan shafin ka sa maganar aro. Mu da saiwa ɗaya muke cewa na ari littafinsa, na ara masa littafi. Su kalma biyu ce, kowace da harafinta: *borrow from, lend to*. *Borrow me your pen* ya zama ruwan dare a makarantunmu, amma mai duba takarda ba zai yafe ba.

6. Tattara kalmomi da abokan tafiyarsu

Sauran littafin naka na wannan ne. Ware shafi biyu ga kowane harafi. Duk kalmar da ka gamu da ita a karatu tare da harafinta, duba ƙamus ka tabbatar, sannan ka rubuta ta a cikakkiyar jimla da ta shafi rayuwarka. Jerin kalmomi tsura ba ya zama a kai. *I am afraid of dogs* zai zauna, musamman in gaskiya ne. Biyar a rana sun isa, wanda ya kwashi talatin ranar Asabar zai nemi rabinsu ya rasa kafin Litinin.

Ga na farawa, waɗanda ba sa ɓacewa a tambayoyin jarrabawa: *good at, interested in, accused of, charged with, congratulate on, insist on, prevent from, comply with, abide by, prefer tea to coffee, married to*.

Ka ba da kulawa ga kalmar da ma'anarta ke sauyawa da sauyin harafi. *Look at* kallo, *look for* nema, *look after* kula, *look into* bincike. *Agree with* mutum, *agree to* shawara ko bukata, *agree on* abin da aka tsayar tare. Tebur *made of wood* ne domin katakon na nan ana gani, burodi kuwa *made from wheat*, alkamar ta rikiɗe.

Shafin ƙarshe na waɗanda ba sa son harafi ne sam: *discuss, emphasise, request, comprise, contact, order*. Za ka ji manyan mutane a taro suna cewa *discuss about* da *emphasise on* da *request for*, kuma ba wanda zai ɗaga gira. A hira ba ni da ja da kowa. A takarda dai ka rubuta *discuss the matter*. Tushen ruɗanin shi ne sunayen waɗannan kalmomi suna ɗaukar harafi: *a discussion about, emphasis on, a request for*. Aikatau ɗin ne ba ya ɗauka.

7. Ka kula da inda ka ajiye yankin

Yankin da ke bayyana suna dole ya manne da sunan. Duba wannan: *He sold a ram to the man with big horns.* An ba mutum ƙaho. Matso da yankin kusa da mai shi: *He sold a ram with big horns to the man.*

Sannan yankin harafi yakan shiga tsakanin mai aiki da aikatau ya ruɗa ido. *The price of tomatoes and onions has gone up.* Ɗalibi ya ga tumatir da albasa sai ya rubuta *have*. Sa yatsa ka rufe *of tomatoes and onions*, abin da ya rage *The price has gone up*. Farashi ne ya tashi, kuma ɗaya ne. Haka *One of the boys is absent*. Sunan da ke cikin yankin harafi ba shi ne mai aiki ba, don haka ba ya juya aikatau.

8. Gwada kanka, sannan ka duba rubutunka

In kana da abokin karatu, ba shi jarida ya shafe duk haruffan sakin layi ɗaya da baƙin biro bayan ya kwafe su a gefe, kai kuma ka cike. In kai kaɗai ne, kwafi sakin layin kana barin gurbi, ajiye shi kwana biyu har ka manta, sannan ka cike ka gwada da asali. Duk wanda ka faɗi, ya shiga littafi da jan biro.

A tambayoyin zaɓi na JAMB da WAEC, kada ka fara da kallon amsoshi, duk huɗun za su yi maka daɗin ji. Dubi kalmar da ke gaban gurbin tukuna, ko tana da abokin tafiya? In *accused* ce an gama, *of* ne. In ba ta da shi, sai ka dubi abin da ke bayan gurbin, wuri ne ko lokaci, ka koma kan mataki na 3 da na 4.

Za ka tarar wani lokaci ƙamus ya ba ka biyu. Mutanen Ingila na cewa *at the weekend*, na Amurka *on the weekend*. Dukkansu daidai ne, amma makarantunmu salon Ingila suka gada, ka tsaya a kansa kada ka gauraya. In kuma wani ya ce maka haramun ne a ƙare jimla da harafi, kada ka biye masa. *Where are you from?* da *What are you looking for?* lafiyayyen Turanci ne. A baki kuma ka raba *of* da *off*: na farko da sautin *v* yake ƙarewa, na biyu da *f*, kuma a rubuce ba a musanya su.

In ka gama rubuta wasiƙa, yi mata karatu ɗaya wanda ba ka neman komai sai haruffa, kana kewaye su kamar a mataki na farko. Wasiƙar neman aiki ita ce mafi kyawun wurin gwaji, domin jimlar farko kaɗai tana ɗauke da huɗu: *I am writing to apply for the post of clerk advertised in your notice on 3 March.* Ka riƙe cewa *apply for* na aikin ne, *apply to* na ma'aikatar. Digiri ko difloma *in* wani fanni ake yi, *from* wata makaranta, kuma a ƙasan wasiƙar *hearing* za ka rubuta bayan *look forward to*.